Anti, Zan Iya Saƙa Wa Yara 'Yar Mujiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Na ɗan iya saƙa da tsinke biyu, hular jarirai da safa nake yi, to sai naga hoton wata 'yar mujiya da aka saƙa da ulu ta bani sha'awa sosai nace bari in yiwa 'ya'yan yayata tsarabar Sallah, ɗaya shekararta 5 ɗayan bai cika 2 ba. Ina faɗa wa Hajiyarmu tace Allah ya kiyaye a kawo mata mujiya gida. Da gaske akwai matsala? Kuma ya ake saƙa ta? Ƙanwarki daga Zariya.

AMSA: Wa'alaikissalam ƙanwata, Allah ya saka da zumunci. Hajiya ba ita kaɗai bace, kusan dukkanmu haka muka taso, in mujiya tayi kuka a kan katanga da daddare sai kiji ana salati ana cewa wani zai mutu ko mayu ne suka aiko ta. Amma wannan camfi ne wallahi, kuma Larabawan jahiliyya ma sun yi shi, shiyasa a hadisin Abu Huraira da ke Bukhari da Muslim Annabi (SAW) ya kore camfi da tsuntsaye ya kuma kore "hama", wadda malamai da yawa suka fassara da mujiya. Tsuntsuwa ce kawai mai farauta da dare, ɓeraye ne yawancin abincinta, a Malesiya har akwatuna ake kafa mata a gonakin kwakwar manja dan ta rage musu ɓera. Su kuwa Girkawa tun zamanin da alamar hikima suka ɗauke ta, yanzu haka hotonta na jikin kwandalar yuro 1 ta ƙasar Girka, abinda yasa kike yawan ganinta a kayan yaran Turawa kenan.

Maganar 'yar tsana kuma, ya tabbata Nana Aisha (RA) tana wasa da nata a gidan Annabi, a ruwayar Abu Dawud har da doki mai fukafukai a ciki. Da wannan malamai da dama suka halatta wa yara, wasu dai sun fi son kar a fitar da kamannin fuska sosai.

To saƙar. Tunda kin iya hula wannan ba komai bane. Ki ɗauki tsinken da ya ɗan fi wanda kika saba sirantaka, misali in da mai lamba 4 kike hula ki koma 3 ko 3.5, saboda saƙar ta matse kar abin cikin ya dinga leƙowa ta ƙofofi. Ki ɗora idon saƙa kamar 20 a kan tsinken, kiyi ta saƙa miƙe ba ƙari ba ragi har tsawon ya kai wajen santimita 24, faɗin zai zo kusan 10 gwargwadon kaurin ulunki. Ki sauke, ki ninka biyu, ki ɗinke gefe da gefe ya zama 'yar jaka, ki cusa faiba irin ta filo, sai ki ɗinke saman a miƙe. Kusurwoyin nan biyu na sama su ne kunnuwan, ki ɗan ja su da yatsa su tsaya. In kina so wuya ya fito ki zagaya zare a wajen kashi ɗaya cikin uku daga sama ki ɗan tsuke. Ni faiba nafi so akan auduga dan auduga in an wanke tana dunƙulewa kuma tana daɗewa bata bushe ba har ta fara wari.

Inda nake so ki kula sosai shine ido. Kyan mujiya duk a manyan idanun nan yake, kuma kowa botin yake fara rarumowa, to dan Allah banda botin, banda duwatsun ado, banda gam a ta ƙaramin. Yaron da bai kai shekara 3 ba komai baki yake kaiwa, botin ɗaya in ya ɓalle zai iya toshe masa maƙogwaro kafin uwar ta juyo. Ki saƙa farin da'ira biyu ki ɗinke su sosai, ki yi baƙin tsakiyar da allura da zare, bakin kuma da ulu ruwan ɗorawa. Ni da zaki ji tawa duka biyun ki musu haka, tunda gida ɗaya suke kuma ƙaramin sai ya ƙwace ta yayarsa. Duk jelar zaren da ta rage ki ƙulle ki tura ciki, kar ki sa mata doguwar igiyar ratayawa a wuya, in kin gama ki fizgi idon da kunnen da ƙarfinki kiga ko zasu motsa.

Hajiya kuma kar kiyi musu da ita, uwa ce, ki gama ɗaya ki kai mata ta gani ta taɓa, ki faɗa mata hadisin cikin ladabi. In har yanzu ranta bai kwanta ba ki cire bakin ki ɗinka gashin baki da 'yar gajeriyar jela, da wannan saƙar dai ta zama kyanwa, yaran ba ruwansu murna zasu yi.