Jarina ya ninka bayan rancen tallafi: shirin ne ya yi aiki ko tsada ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, kuma ni ne ma'ajin wata ƙaramar ƙungiya ta mutum 40. A kakar 2022 wani shirin tallafa wa manoma da ƙananan 'yan kasuwa ya zo mana, aka ɗauki mutum 22 a cikinmu aka yi mana bita ta kwana 5, sannan aka ba kowa rancen naira dubu 500. Lokacin jarina naira miliyan 2 ne, ina ɗaukar buhun masara a kan dubu 25. Na biya bashin tas. Da na yi lissafi a kakar 2024 na tarar da miliyan 4 da dubu 200, buhu kuwa ya kai dubu 60. Yanzu sun dawo suna so mu cike takarda mu faɗi amfanin da muka samu, kuma sun ce za su ba da miliyan ɗai-ɗai a zagaye na biyu. Wasunmu na yabon shirin, wasu na cewa wahalar biya kawai suka sha. Ta yaya zan gane gaskiya, kuma in ce wa jama'ata su karɓa ko kada su karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin komai, ajiye naira a gefe mu ƙirga buhu, tun da shi ne sana'arka. Miliyan 2 a kan dubu 25 buhu 80 ke nan. Miliyan 4 da dubu 200 a kan dubu 60 kuwa buhu 70 ne. Wato kuɗin sun ninka har da ɗoriya, amma abin da za su iya jibge maka a sito ya ragu da buhu 10. Na san ba daɗin ji, sai dai gara ka ji daga gare ni yau da ka gani da idonka ranar da ka je kasuwar ƙauye sari.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Kuɗin mota ya tashi, taki ya tashi, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Duk shirin da ya auna mutanensa da naira a tsakanin waɗannan shekaru biyu zai fito da sakamako mai ƙyalli, ko da bai tsinana musu komai ba. Wannan shi ne kallon kitse da ake yi wa rogo a yawancin rahotannin da ake karantawa a wajen taron rufe shiri.

To amma kada ka yi saurin yanke cewa shirin bai amfane ka ba. Abin da ya kamata ka tambayi kanka shi ne: da ba a ba ni wannan rance ba, buhu nawa zan kasance da shi yau? Ba wanda zai iya rayuwa sau biyu ya gwada, shi ya sa ake neman wanda ya yi kama da kai amma bai samu ba. Kai kuwa Allah ya huwace maka su a hannu, mutum 18 ɗin nan na ƙungiyarku da ba a ɗauka ba. Kasuwarku ɗaya, kayanku ɗaya, tsadar da ta doke ku ɗaya ce. Idan wanda ya fara da buhu 80 a cikinsu ya dawo 55, to rancen ya tare maka asarar buhu 15, ko da yake kai ma ka ragu. Idan kuwa shi ma yana kan 70, ko ya fi haka, to rancen ya zo ya tafi ne kawai, ya bar ka da zirga-zirgar biya.

Akwai wani tarko a nan, kuma shi ne wanda masana suka fi shan wahala a kansa. Yaya aka zaɓi ku 22 ɗin? Idan shugabanni ne suka zauna suka ɗauko masu rumfa tsayayya, masu asusun banki, waɗanda aka san ba za su ba da kunya wajen biya ba, to an ɗora sirdi ne a kan dokin da dama shi ne mai gudu. In ya riga sauran isa, ba za a ce sirdin ne ya kai shi ba. Don haka kada ka gwada kanka da yaron da ya fara tallan tiya-tiya bara. Ka nemo tsaranka a jari da daɗewa a kasuwa, ko da mutum biyar ne kacal suka dace.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce ƙuri'a, wato a bar sa'a ta fitar da wanda zai samu, kuma an taɓa yin ta a ƙasar nan. A 2011, zamanin Shugaba Jonathan, aka fara gasar YouWiN ta matasa masu tsarin kasuwanci, kusan mutum dubu 24 suka nema, aka ba 1,200 kyautar jari wadda a tsakaice ta kai kimanin dala dubu 50 kowane mutum. Abin da ya bambanta ta shi ne, 729 daga cikin masu nasarar ƙuri'a ce ta fitar da su daga jerin mutum 1,841 da duk suka tsallake tantancewa. Ka ga an samu rukuni biyu masu ƙwazo iri ɗaya, sa'a kaɗai ta raba su. Wani masanin Bankin Duniya, David McKenzie, ya bi sawunsu shekaru, ya gano cewa a cikin kowane mutum 100 da ƙuri'a ta faɗa kansu, an samu ƙarin sama da 20 da suka kai ga ɗaukar ma'aikata 10 ko fiye, idan aka gwada da waɗanda ba ta faɗa kansu ba. Wannan magana ce da za a iya tsayawa a kanta. Sai dai ka lura, kyauta ce aka ba su mai tsoka, ba bashi ba, don haka kada wani ya kawo maka ita a matsayin hujjar cin rance.

Gwada wannan da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015. An fitar da sama da naira tiriliyan ɗaya, an ƙirga manoma miliyoyi, har aka gina dalar shinkafa a Abuja a Janairun 2022. Ba na musun cewa noman shinkafa ya bunƙasa, injinan casa sun ƙaru a Kano da Kebbi, kowa ya gani. Amma a cikin wannan tsakanin an rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, farashin shinkafa ya tashi, kuma tashin farashi shi kaɗai ya isa ya tura mutane fadama ba tare da rancen kowa ba. Wane kaso ne na rancen, wane ne na rufe iyaka? Jimillar kuɗin da aka raba da tsayin dala ba za su ba da wannan amsa ba. Ga kuma ambaliyar da ta cinye gonakin Kebbi a 2020, ga ɗimbin bashin da bai dawo ba, wasu don asara, wasu don sun ɗauke shi rabonsu na gwamnati. Abin da aka raba daban, abin da ya sauya a gidan manomi daban.

Game da rance irin naku, bincike shida da aka yi da ƙuri'a a ƙasashen Indiya, Habasha, Maroko, Meziko, Mongoliya da Bosniya, aka wallafa tare a 2015, sun nuna ƙaramin rance yana ɗan taimakawa, amma ba ya sauya rayuwar yawancin masu karɓa. Inda aka fi ganin amfaninsa shi ne wajen waɗanda dama suna da sana'a tsayayya. Shi ya sa ban yi mamakin rabuwar kan 'yan ƙungiyarku ba. Mai yiwuwa duk ɓangarorin biyu gaskiya suke faɗa, kowa a kan aljihunsa.

Ita kuwa bita, awonta mai sauƙi ne. Me aka koya muku a kwana biyar ɗin da har yau kake yi? In rubuta shiga da fita ne, ina littafin? In ba wanda zai iya nuna abu ɗaya, to kuɗin mota da shinkafar rana kawai aka ci.

Ga abin da nake so ka yi a makon nan. Ka zauna da kowa shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba, domin ɗan kasuwa ba ya faɗin faɗuwarsa a taro, kuma ba ya faɗin ribarsa a gaban mai bin sa bashi. Ka tambaye shi buhu nawa jarinsa ke ɗauka a kakar 2022, nawa yake ɗauka yanzu, da kuma sau nawa yake juya kuɗin a shekara, domin mai buhu 70 da ke juyawa sau shida ya fi mai 80 da ke juyawa sau uku. Ka tambaye shi ina rancen ya shiga. Wani hatsi ya saya, wani asibiti ya kai iyali, wani biki ya yi, kuma ba na zargin kowa, lalura ba ta sallama. Sannan tambayar da masu shiri ba su cika yi ba: da me ka biya? Wanda ya biya daga riba da wanda ya sayar da tumakin matarsa ko ya kwashi adashi ya biya, duk a littafin masu shiri sunansu ɗaya, wai sun biya ɗari bisa ɗari. A wajenka kada su zama ɗaya. Kai ma ka duba naka: idan buhu goman da suka ɓace sun koma fili ko rumfa ko babur na ɗaukar kaya, ba asara ba ce, ka mayar da su cikin lissafi.

Kada kuma ka manta da waɗanda suka daina zuwa taro. In cikin 22 ɗin akwai uku da suka karye suka koma ƙauye, aka cike takarda da bayanin 19 da suka rage, sakamakon zai yi kyau ne saboda an share waɗanda abin ya kayar.

Sai zagaye na biyu. Miliyan ɗayan da ake yi muku kwaɗayi da ita, a kan dubu 60 ɗin kakar 2024, ba ta kai buhu 17 ba, alhali dubu 500 ɗin farko buhu 20 ta saya maka. Rancen raguwa ya yi, lambar ce ta kumbura. Abin da zai yanke hukunci kuwa sharuɗɗa ne. Yaushe kuɗin za su shigo hannu? Mai hatsi da kaka yake buƙatar kuɗi, rancen da ya iso a watan Maris ya tarar da kaya sun riga sun yi tsada. Yaushe za a fara biya? Idan wata-wata ne tun daga watan farko, za a tilasta maka buɗe sito kafin farashi ya motsa, ribar ajiya kuma ta tafi. Ka haɗa duk abin da za ka mayar, har da kuɗin fom da na inshora in akwai, ka raba a kan buhunan, ka ɗora dako da lodi da maganin ƙwari da hayar sito. Sannan ka yi lissafin shekarar da farashi ya ƙi tashi ko ya faɗo, domin ribar 2023 da 2024 tsada ce ta kawo ta, bashi kuwa ba ya sauka in farashi ya sauka. Ka tabbatar ko lamunin na haɗin gwiwa ne, don in haka ne, kai ma'aji ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa idan wani ya gaza. In akwai kuɗin ruwa a ciki, wannan magana ce ta malaminka kafin ta zama tawa, kuma kuna da damar tambayar ko za a iya bi ta bankin da ba ya mu'amala da ruwa, a saya muku kayan a ɗora riba sananniya.

Ra'ayina, kada ƙungiya ta ce kowa ya karɓa ko kowa ya ƙi. Wanda ya biya na farko daga riba, kuma yana da masu saye fiye da kayan da yake iya kawowa, ya karɓa idan kuɗin za su zo da kaka. Wanda ya sayar da kadara ya biya, ka ba shi haƙuri ya tsallake wannan karon.

Takardar kuwa ku cike ta da buhu da gaskiya, har da sunayen waɗanda suka karye, ko da wani ya raɗa muku cewa yabo ne ke kawo zagaye na gaba. Ku kuma roƙe su abu biyu a rubuce: in gurbin bai ishi duk masu so ba a jefa ƙuri'a a gaban kowa, sannan a ba ƙungiya kwafin rahoton da za a rubuta a kanku.