Ƙwayayen Na Da Haske, Amma Falon Da Duhu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na canza ƙwayayen wuta huɗu da ke cikin silin ɗin falona, na sa na LED. Sai da na duba kwalin kafin in saya, lumen ɗinsu ɗaya da na tsofaffin. Amma yanzu ƙarƙashin kowane ƙwai haske ne tar, gefe da jikin bango kuma duhu. Ko jabu aka sayar mini?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ban ga alamar jabu a nan ba. Koma ka ɗauko kwalin, ka nemi wata lamba mai ɗan da'ira a samanta, kamar 24° ko 36° ko 60°. Ita ce kusurwar haske, wato faɗin da hasken ke buɗewa idan ya fito daga ƙwan. Ina kyautata zaton naka 36 ne ko ƙasa da haka, tsofaffin kuwa sun fi su faɗi.

Lumen jimillar hasken da ƙwai ke fitarwa ne, bai gaya maka inda hasken zai je ba. Ka tuna tocila mai zuƙowa: idan ka matse ta, ɗan zagaye take yi mai ƙarfin gaske a bango, idan ka sake ta sai ta game wuri amma ta yi sanyi. Batir ɗaya, ƙwai ɗaya, rabon ne kawai ya bambanta.

Masu ƙera ƙwai suna auna wannan kusurwa ne daga gefe zuwa gefe, wato tsakanin wurare biyun da hasken ya ragu ya koma rabin ƙarfinsa na tsakiya. Saboda haka akwai sauran haske a wajen zagayen, sai dai mai rauni ne, ido kuma yana ganinsa kamar duhu saboda ƙarfin na tsakiyar.

Ga lissafin, don shi ne zai raba gardama. A nisan mita 2 daga ƙwan, mai digiri 24 faɗin zagayen haskensa bai kai mita 1 ba. Mai 36 yana ba da kusan mita 1.3, mai 60 kusan mita 2.3, mai 120 kuwa ya kusa mita 7. Duba tsakanin 36 da 60 kaɗai: filin da mai 60 ke rufewa ya ninka na ɗan'uwansa kusan sau uku, don haka idan lumen ɗinsu ɗaya, mai 36 zai fi shi ƙarfi a tsakiya da kusan wannan ninkin. To ƙwayaye huɗu masu zagayen mita ɗaya da ɗoriya a falo guda, ai dole ka ga tsibirai huɗu na haske.

Wani abin da mutane ke mantawa shi ne bango. Ɗaki yana yi mana haske ne idan bangonsa ya samu haske ya maido mana. Ƙwai mai matsattsiyar kusurwa ƙasa yake zuba komai, idan kuma tayil ko kafet ɗinka mai duhu ne sai ya shanye mafi yawa.

Shawarata, tunda silin na gida yawanci bai wuce mita 3 ba, ka nemi masu digiri 60 ko sama. Idan ramukan ƙwayayen sun yi nesa da juna, masu 90 zuwa 120 sun fi. Abin da ake so shi ne zagayen kowane ƙwai ya shiga cikin na maƙwabcinsa, kuma ka yi awon daga silin zuwa saman tebur, ba zuwa daɓe ba, don a nan ake amfani da hasken. Ka lura kuma da zurfin gidan ƙwan: idan ya nutse can ciki, bakin ramin zai yanke hasken komai faɗin kusurwarsa.

Waɗanda ka saya kuma kada ka zubar. Sun dace da haska hoto a bango, ko kantar littattafai, ko saman matakala inda silin ya yi tsawo, domin daga nesa matsattsen haske ne ke isowa ƙasa da ƙarfinsa. Kafin ka sayi huɗu, sayi ɗaya mai 60 ka gwada shi da dare a ramin da ya fi kusa da bango.