Bluesky ko Mastodon: ina aka fi kula abin da nake ɗorawa?

Tambaya: Malam, ni tela ce a Unguwar Sanusi, nan Kaduna. Tun da aka rufe Twitter a Najeriya a 2021 na daina dogara da dandali ɗaya, na buɗe Mastodon da Bluesky. Hoton ɗinki ɗaya nake ɗorawa, a Bluesky in ga laik da yawa, a Mastodon kuwa shiru. In bar Mastodon ne?

Amsa: Hajiya, kada ki yi gaggawa, domin ba da mudu ɗaya aka auna lambobin nan ba.

Mastodon, wanda Eugen Rochko ya ƙirƙiro a 2016, ba gida ɗaya ba ne. Dubban sabobi ne, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan mutane, kowace da mai ita, suna gaisawa ta wata ƙa'ida mai suna ActivityPub. Abin da mabiyanki ke gani yana zuwa ne bi da bi, gwargwadon lokacin da aka ɗora shi, babu na'urar da ke zaɓar musu. Idan kin ɗora hoto da tsakar dare, kafin gari ya waye wasu sun binne shi. Sannan laik a can, wato alamar tauraron da ake dannawa, godiya ce kawai tsakaninki da mai dannawa, ba ya kai hotonki gaba. Abin da ke yaɗa shi shi ne wani ya sake tura wa mabiyansa, ko ki sa alamar # a gaban kalma kamar ɗinki. Wani abin da ke rikita mutane: in kin leƙa rubutun wani da ke wata saba, adadin laik ɗin da za ki gani yakan gaza na gaskiya, don sabarki abin da ya iso mata kaɗai ta sani.

Bluesky, da aka buɗe wa kowa a Fabrairun 2024, yana da zauren Discover da ke nuna hotonki ga waɗanda ba su taɓa bin ki ba. Laik zai yi yawa, amma daga wa? Wataƙila daga mutumin Birazil da kalar atamfar ta burge shi, wanda ba zai taɓa kawo miki yadi ba.

Shawarata, ki samu littafi ki yi wata guda kina rubuta abu uku a kowane dandali: mutum nawa suka yi miki magana, nawa suka tambayi kuɗin ɗinki, nawa suka zo shago. Gaskiya masu Hausa ba su da yawa a duka biyun tukuna, kwastomominki na Tudun Wada da Kawo suna WhatsApp da Facebook. Amma ni ba zan rufe Mastodon ba, saboda dalilin da ya kai ki can yana nan: in sabarki ta ba ki matsala, kina iya ƙaura zuwa wata tare da mabiyanki.