Sa hotunan tsabar kuɗi a wasa: izinin wa za a nema?

Ka tambaya ko sai da izini kafin ka sa hotunan tsabar kuɗi a wasan da kake haɗawa don nishaɗi. Haƙƙi biyu ne, ɗan'uwa: na zanen kuɗin, da na mai ɗaukar hoton. Kuɗin tsohuwar daular Rum babu mai haƙƙin zanensu, amma hotonsu yana da mai shi, kuma nan yawanci ake tuntuɓe. Gidan tarihin Metropolitan da ke Amurka ya saki ɗimbin hotuna kyauta tun 2017 ƙarƙashin CC0, wato tsarin da ke ba kowa damar amfani da su ba tare da neman izini ba, ni da can zan fara. Kuɗin ƙarfe na Birtaniya na yanzu kuwa sai ka rubuta wa Royal Mint, wato masana'antar da ke buga su, ka bayyana cewa wasan ba na sayarwa ba ne, ka kuma adana amsarsu.