Amsa ga ɗan'uwan da za a tura Indiya sayen kayan basfa

Assalamu alaikum. Malam, na ga ka rubuta cewa maigidanka zai tura ka Indiya ka gana da masu sayar da kayan tsohuwar basfa da masu tara ta, kana tambayar ina za ka dosa, wa kuma za ka amince wa. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don irin wannan aike ne ya kusa raba ni da mutumin da ya riƙe ni tun ina yaron shago a Ƙofar Ruwa.

Wurin zuwa ba shi da wuya. Ka sauka Delhi, ka nufi Karol Bagh, layin da ake kira Naiwala, nan kayan babur suke jibge. Ranar Litinin kasuwar a rufe take. Sai Mayapuri, inda ake farfasa tsofaffin ababen hawa. An yi shekaru dokar garin tana hana abin hawa mai fetur da ya haura shekara 15 yawo a titi, shi ya sa tsofaffin basfa suke ƙarewa a can, kuma mai haƙuri yakan tsinci kayan asali.

Amma dillali, ɗan'uwa, ka ji tsoron dillali. Nawa tun daga otal ya tarye ni da fara'a, yana ce mini ɗan'uwa, har abinci ya kai ni na ci a gidansa. Duk shagon da muka shiga shi ke magana da yarensu, ni sai dai kallo. Aka nuna mini kuranshaf da fistin da kabireta masu kyau, na juya su a hannuna, na yarda, na biya. Ya ce in koma gida hankali kwance, shi zai tsaya a ɗaure kaya. Ranar da kwalayen suka iso Kano, maigidana Alhaji ya tara yaran shago, ga bakanikenmu a tsugune da reza a hannu. Kayan da ke sama lafiya lau. Da aka zurfafa sai ga fistin da ko suna babu a jikinsa, ga ringi da bakanike ya ɗan matsa da yatsa ya karye gida biyu. Bai ce komai ba, ya dai ajiye gutsattsarin a kan benci a gaban Alhaji. Shi ma Alhaji bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "To, Allah Ya mayar da alheri," ya tashi ya tafi masallaci. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na daɗe ina shiga kasuwa ina ganin kamar kowa na cewa na ci kuɗin maigidana. Shi kuwa wancan mutumin, da na kira shi ya ce laifin masu jirgin ruwa ne, daga baya lambar ma ta daina shiga. Mutumin da na ci abincin gidansa! Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Don haka a ɗaure kaya a gabanka, ka ƙirga, ka ɗauki bidiyo, ka sa hannu a kan salatif ɗin kowane kwali. Kafin alƙalami kaɗan ya isa, cikon kuɗi sai kaya sun shiga hannun mai jigila. Ka karɓi lambar mai shagon da kanka, kar ta biyo ta hannun kowa.

Wani abu kuma, za su ce maka kayan LML, basfar da ake ƙerawa a Indiya, duk suna shiga basfa samfurin PX. Da yawa suna shiga, tunda kamfanin LML na garin Kanpur da lasisin Piaggio, masu basfa ta asali, ya fara ƙera tasa, amma ban da duka. Yawancin injin LML Star yadda yake shan mai daban ne da na PX, saboda haka kuranshaf ɗinsu ba ɗaya ba ne. Kamfanin ma ya durƙushe tun 2017, to duk wanda ya nuna maka tulin kwalaye sababbi fil da sunansa, ka tambaye shi daga ina. Haka na Bajaj, wani kamfanin Indiya: samfurin Chetak tayarta inci 10 ce kamar basfa Sprint, Bajaj Super kuwa inci 8. Ka tafi da tsohon kayan da kake nema a jakarka, a gwada a idonka. Kabiretar kamfanin Spaco ba ta da laifi, ni ina sa ta.

Masu tara basfa kuwa mutanen kirki ne, sai dai kar ka shiga da maganar ciniki. Ka sha shayinsu, ka nuna musu hotunan basfar Kano. Wani dattijo da na nuna wa hoton malaminmu a kan tasa da babbar riga, sai da ya kira iyalinsa su gani, kuma shi ne ya nuna mini inda ake duba lambar bodi, wadda haruffan farkonta ke nuna samfurin: VLB ta Sprint, VBC ta Super, VLX ta PX 150. In za a sayar maka da wadda aka yi wa kwaskwarima, fenti na ƙyalli, ka bi jikinta da maganaɗisu. Inda bai kama ba, an cike tsatsa ne aka shafe. Ka leƙa ƙarƙashin wurin taka ƙafa ka nemi tabon walda.

Kar ka manta katin rigakafin cutar shawara, za a tambaye ka a filin jirgi. Biza ta kasuwanci za ka nema, da takardar gayyata. Abincin halal ka je wajen Jama Masjid ko Nizamuddin, ruwa kuma sai na roba. In da hali kar ka je a watan Mayu ko Yuni, zafin garin ya wuce misali. Kuma don Allah, tun kafin ka tashi ku zauna da maigidanka a rubuta abin da za a saya da wanda zai ɗauki asara in kaya sun zo ba daidai ba, a gaban shaida.