Tambaya da Amsa: Wai su waye ke faɗa a El Fasher?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Marigayi kakana ya sha bamu labarin yadda ya ratsa El Fasher ta yankin Darfur a ƙasar Sudan a ƙafa zashi aikin Hajji, shi yasa yaƙin garin nan ya tsaya min a rai. Abinda ya ɗaure min kai, naji ance 'yan tawayen Darfur ne ke taya sojan gwamnati, to ba sune suke yaƙar juna a da ba? Daga mai karatu a Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kaka. Ba ƙarya kaji ba, sune dai. Tun 2003 ƙungiyoyin da yanzu Minni Minnawi da Jibril Ibrahim ke jagoranta suke fafatawa da gwamnatin Al-Bashir, shi kuma ya sako musu mayaƙan sa-kai na Larabawa da ake kira Janjawid, kuma daga cikin Janjawid ɗin nan ne rundunar RSF da Janar Hamidti ke jagoranta ta fito. A 2020 sukayi sulhu da gwamnati a Juba, babban birnin Sudan ta Kudu. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin shugaban sojan Sudan Janar Burhan da Hamidti ranar 15 ga Afrilu 2023 sai 'yan tawayen nan sukace su ba ruwansu, 'yan kallo ne.

To me ya canza? Ni a ganina El Geneina ce, babban birnin jihar Darfur ta Yamma. Sun ga kisan da RSF da ƙawayenta sukayi wa ƙabilar Masalit a can, har gwamnan jihar Khamis Abakar ba a bari ba, sannan Nyala da Zalingei da Ed Daein duk suka faɗa hannun RSF, ya rage El Fasher kaɗai cikin manyan biranen Darfur biyar, ga ta cike da Zaghawa, ƙabilar su Minnawi da Jibril ɗin, da Fur da suka gudo tun yaƙin farko. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai basai an faɗa maka ba. A Nuwamba 2023 suka koma bayan soja, ba don ƙauna ba wallahi.

Daga Mayun 2024 RSF ta zagaye garin, daga baya har ganuwar ƙasa ta tara a kewaye, ba shiga ba fita sai da izinin mai bindiga. Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya yace a janye, ko a jikinsu. Abinci ya ƙare har mutane suka koma cin ambaz, tunkuzar da ta rage bayan an matse man gyaɗa, wadda dabbobi ake baiwa, itama sai da tayi tsada. Zamzam, sansanin 'yan gudun hijira dake kudu da garin, an tabbatar da yunwa a cikinsa a Agustan 2024, a Afrilun 2025 RSF ta afka masa.

Ranar 26 ga Oktoba 2025 RSF ta kame hedikwatar runduna ta 6 ta sojan gwamnati, garin ya faɗi bayan kusan wata 18. Hukumar Lafiya ta Duniya tace an kashe sama da mutum 460 a asibitin garin da ake kira asibitin Saudiyya kaɗai. Waɗanda Allah ya yi wa gyaɗar dogo da yawansu a ƙafa suka nufi Tawila, tafiyar kilomita kusan 60.