Tsofaffin samfuran gansakuka daga tsaunin Jos: a zubar ko a ajiye?

Tambaya: Malam, ina aiki a ma'ajiyar tsirrai ta wata jami'a. Mun tarar da ambulan na busasshiyar gansakuka da aka kwaso daga ƙoramun tsaunin Jos tun zamanin Turawa. Rubutun ya dusashe. An umarce ni in kwafe bayanin a kwamfuta, in zubar da tsofaffin. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malama, don Allah kada ki zubar da ko ɗaya. Bushewa ba ta lalata su ba. Ɓawon dayatom, wato ƙananan halittun gansakuka da ido ba ya gani, na silika ne, dangin gilashi, ko ya shekara 150 ki sa shi a maikuroskof za ki gane jinsinsa. Shi ya sa har yau ake komawa kan abin da masanan gansakuka William West da ɗansa George suka tattara a tsaunukan Wales da Sukotilan, da tarin masanin dayatom Friedrich Hustedt da ke Jamus.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne wannan magana da nake ji kullum a ofisoshi, wai gansakuka ai gansakuka ce, in ana so sai a koma ƙorama a ɗebo sabuwa. Wace ƙoramar? Ruwan da aka ɗebi samfurin nan ba shi ne ruwan yau ba. Haƙar kuza ta sauya hanyar rafuka a Jos, ta bar kududdufai birjik, ga takin zamani na masu noman rani yana gangarawa ciki. Kowane jinsin dayatom da irin ruwan da yake so, wani sai mai tsami, wani sai mai sanyi marar datti. Ambulan ɗin nan shaida ne na yadda ruwan yake a ranar da aka ɗebe shi. Da ɓawon dayatom na cikin laka masana Flower da Battarbee suka nuna a 1983 cewa tafkunan tsaunin Galloway a Sukotilan sun yi tsami, binciken da ya ƙarfafa hujja kan ruwan sama mai asid. Kwamfuta za ta riƙe miki suna, amma in mai kwasar ya yi kuskuren sunan, da me za a gyara bayan an zubar da samfurin? Ma'ajiyar tsirrai ta Berlin-Dahlem a Jamus ta ƙone a watan Maris na 1943 sanadin bam, masana na kokawa kan asarar har gobe. Waccan yaƙi ne ya ci ta. Mu kuwa da takardar ofis za mu yi wa kanmu, don a samu wurin ajiye fayil!

Tsohuwar takardar bayanin ma kada ki raba ta da samfurin, kada ki maimaita rubutun da biro. Hannun marubucin kan nuna wanda ya yi kwasar. Ki ɗauki hoto, ki sa sabuwar takarda a gefe. Kada ki jiƙa su wai su farfaɗo. Ki nannaɗe su a leda ki sa a firiza na mako guda saboda ƙwari, sannan ki rubuta wa shugaban sashenku a hukumance, ki ajiye kwafi.